Kwalba Mai Jan Murfi

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta saba.

Na ɗauki biro ne saboda kin mayar da wayata abin gudu. Sau tara na kira ki a makon nan. Sau ɗaya mijinki ya ɗaga, ya ce kina wanka. Mutum ba ya wanka kwana shida. Takarda kuwa ba a kashe ta, sai dai ki karanta ko ki yaga, kuma in kin yaga Allah yana ganinki.

Matar yayanki ta zo jiya. Ta ce kin daina shan garin zaƙin nan na kamfani da kike zubawa a shayi a madadin sukari, wanda kike ajiyewa a kwalba mai jan murfi. Madalla. Da kin ji maganata tun ranar da na sauka a gidanki, da ba a kai haka ba. Na ɗauki ledarsa na karanta, sunaye ne dogaye dogaye da ko malamin kimiyyarmu na sakandare ba zai iya furtawa ba. Na ce miki guba ne, kika yi min dariya da gefen baki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Amma ta kuma ce yanzu shayi tsura kike sha, kin zama kamar kunama, ba mai taɓa ki, har kofi kin jefi mijinki da shi. Wannan ba tarbiyyata ba ce. Wanda ya zaɓa wa kansa yunwa ba shi da ikon huce ta a kan mutane.

Kwana goma na yi a gidanki, mako bakwai da suka wuce, kuma har yau abin yana cina. Na buɗe firij, ƙwai kiret biyu, man shanu, kabeji, kifi. Na duba kabad, ko ƙwayar shinkafa babu, sai da na aiki mijinki ya sayo. Na dafa da hannuna, da wannan gwiwar na tsaya, kika zauna gabana kina cin kabeji da ƙwai kamar zomon da ya yi arziki. Na ce ki ci ko cokali ɗaya don albarka, kika ce, "Umma, keto nake yi." Keto. Har yau ban san ko sunan mutum ba ne ko na cuta.

Shekara bakwai kina yi wa kek ado a gidan burodi. Da shi kike ci, da shi kike sutura, yau burodi ya zama abokin gabarki. Wanda ya raina abin da ke ciyar da shi, butulci ya fara. Duk wannan don me? Don ki koma cikin rigunan da kika ɗinka kafin aure? Na ga wuyanki, ƙashi ya fito kamar maratayin kaya. Mace ba sanda ba ce.

Ki sayi sukari irin na kowa, ki ci abinci, ki ba mijinki haƙuri, ki kira ni. Abu huɗu ne, ba su da wuya.

Allah ya shirye ki, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, ban yaga ba. Allah ya sauwaƙe gwiwa.

Kofi ɗaya ne, kuma bango na jefa, ba mutum ba. Ki gaya wa matar yaya ta rage gishiri.

Tunda riguna kike zato, bari in gaya miki. Ƙari ne a mahaifata. Shekara guda ke nan da aka gano. Shi ya sa nake zubar da jini kwana goma sha biyu a wata, shi ya sa kika gan ni ina dafa bango in zan miƙe, kika ce lalaci ne. Za a yi min tiyata, an sa ni a layi, ranata tana cikin wata mai zuwa. Amma an samu sukari a jinina, likita ya ce ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai gwajin jini na wata uku ya nuna ƙasa da bakwai. In ya haura, a ba wata ranar, ni in koma baya. Keton ke nan, Umma, barin shinkafa da burodi da sukari don lambar ta sauka. Ba ado ba ne.

Wata takwas ina kiyayewa. Ina tsaye awa tara tsakanin tanderu da teburin ado, hannuna cikin kirim har wuyan hannu, ban taɓa lasar yatsa ba. In an ce a ɗanɗana, Doguwa abokiyar aikina nake miƙa wa cokali. Abu ɗaya na bar wa kaina, shayi sau huɗu a rana, da cokali biyu na garin nan. Lambar na'urata ta gwajin sukari tana sauka, nas har tana nuna ni ga wasu.

Sai bayan tafiyarki lambar ta fara hawa. Na rage kifi, na rage madara, na auna komai, ba ta daina ba. Nas ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ai mai aiki a gidan kek sai Allah." Mai Wuta, mijina da kansa, ya ce, "Ki faɗa min gaskiya, ba zan yi faɗa ba, kina ɗan taɓawa a wurin aiki?" Ranar ce ta kofi.

Abin da ya rage ban zarga ba shi ne garin. Har na fara jin daɗinsa, ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro ya ɓace, na ɗauka harshena ne ya saba. Na ɗora kwalbar a saman kabad, yau kwana goma sha ɗaya. Kaina yana sarawa, ƙamshin kek yana sa ni hawaye, amma lambar ta fara sauka. To, kin yi gaskiya, guba ne. Kin ji daɗi?

Sabuwar leda ce na sayo ana gobe za ki zo. Na tabbata jabu mai shagon ƙasan benenmu ya sayar min. Na je na gaya masa a gaban masu sayayya. Ranar Litinin ta sama zan kai kwalbar ofishin masu duba abinci, a rufe masa shago.

Ban ɗaga waya ba ne saboda ba ni da ƙarfin jin wa'azi. Gwajina saura kwana goma sha shida. Ki yi min addu'a, ita nake buƙata.

Ki gaida yaya.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Shekara guda. Shekara guda kina ɗauke da ciwo a cikin da ni na haifa, Doguwa ta sani, nas ta sani, ni uwarki sai a takarda, a tsakiyar rashin kunya. Na kwana goma a ɗakin da ke jikin naki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Me na yi miki da za ki mayar da ni baƙuwa? Da kin buɗe baki, da abubuwa da yawa ba su faru ba. Ki riƙe wannan maganar.

Yanzu ki saurare ni. Kada ki kai kwalbar nan ko'ina. Ki ce wa mijinki ya sauko da ita yau, ya juye a magudana, ya sakar mata ruwa, ya jefar da kwalbar. Abin da ya wuce ya wuce. Tonon silili ba ya ƙara wa mara lafiya jini.

Mai shago kuwa, ban yarda ki ƙara taka masa ƙofa da faɗa ba. Na san shi, shi ya ɗauko min kujera ranar da gwiwata ta riƙe a matakala. Mutum ne mai iyali. Kin gan shi da idonki yana haɗa jabu? Ba ki gani ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba. Kin tozarta dattijo a gaban jama'a, kuma kina so ki raba shi da abincinsa. Haƙƙi ba ya barin mutum ya yi barci, na sha gaya muku.

Ina so kuma ki tambayar min nas ɗin nan abu ɗaya, don in sani kawai. Cokali biyu a kofin shayi, ko da a ce sukarin gaske ne, shi ne zai hana a yi wa mutum tiyata? Mu mun sha shi shekara sittin, ga mu nan da ranmu. Ina ganin likitocin yanzu tsoro ya yi musu yawa.

Ina yi miki addu'a kowace salla. Ki zubar da garin nan yau, kada ki jira gobe.

Mahaifiyarki

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni ne surukinku, Mai Wuta. Ku gafarce ni da rubutu, ni mai aikin lantarki na fi sabawa da filaya. Auta ce ta ce ba za ta iya rubuto muku ba, ni in rubuta.

Na bi umarninku. Jiya da safe kafin in fita aiki na hau kujera in sauko da kwalbar. Sai na ga kiyashi sun yi layi tun daga bakin taga, sun bi wayar fitila da ni na ja, sun hau kabad, sun zagaye jan murfin kamar masu jiran albashi. Na tsaya. Wata da watanni kwalbar nan tana kan teburi, wani lokaci a buɗe, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kula ta ba. Har tsokana nake yi, in ce abin da kiyashi ya raina ke kike sha.

Na kira ta. Ta ɗebi cokali ɗaya ta ɗora a kan wuta. Nan take ya narke, ya yi ja, ya yi danƙo, ƙamshi ya cika kicin. Ta ce, "Wannan kullum nake dafa shi a wurin aiki. Sukari ne."

Na ce to mai shago ya cuce mu ke nan. Na sauka wurinsa. Bawan Allah bai ko ɗaga murya ba, ya farke sabuwar leda cikin kwali ɗaya da tamu, ya ce in je in gwada. Mun gwada. Nasa bai yi ja ba, bai yi danƙo ba. Ta ɗanɗana, ta ce ga ɗacin nan da ya ɓace mata.

Umma, mu biyu ne a gidan nan. Ni ban taɓa kwalbar ba, na rantse mata, ta yarda, ko da yake ban cancanta ba, tunda ni ma na tuhume ta da lasar kirim. Wannan kunyar tawa ce, ina ɗauke da ita. Sai dai na tuna abu biyu. Gwangwanin sukarina na shayi ya yi ƙasa sosai a kwanakin da kuke nan, na ce a raina baƙunta ce. Sannan wata ranar Laraba na dawo ɗaukar mitar gwajin wuta da rana, na ji injin markaɗe yana ta ƙara, kuka ce min barkono ne. Ban ji yaji a iska ba, amma ba a yi wa babba tambaya biyu.

Ban isa in ce komai ba. Tambaya ce kawai, kuma ba don ni ba. Gwajin saura kwana tara. Jiya ta tafi aiki ta dawo, ta zauna tana kallon kwalbar.

Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya.

Ɗanku,
Mai Wuta

*

Zuwa ga Auta, mijinki ya karanta in ya so,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka.

Ni ce. Ba sai an tara min kiyashi shaida ba. Ranar Laraba, kwana na huɗu da zuwana, kina wurin aiki, na juye garin kamfanin a magudana, na niƙa sukari a injin har ya yi laushi irin nasa, na cika kwalbar, na goge murfin. Da dare na zauna ina kallonki kina shan shayi, kika ce yau ya yi daɗi. Na ji sanyi a raina. Ban taɓa yi miki ƙarya da baki ba, kuma ba zan fara da biro ba.

Amma kafin ki yanke min hukunci ki ji. Na shigo gidanki na tarar da 'yata ta zube, zobe yana yawo a yatsa. Kina da shekara tara lokacin da babanku ya fara haka. Ke ba ki tuna ba, ni na tuna. Ni na riƙa rage masa wando wata bayan wata, har ranar da babu abin ragewa. Tun daga nan ba na iya kallon nawa yana ramewa in zauna. Na tambaye ki me ke damunki, kika ce babu. Na dafa, kika ƙi. Na yi magana, kika yi dariya. Ƙofa ɗaya kika bar min a buɗe, kwalbar nan, na shiga ta nan. Na ce ko ba komai jikinki zai samu ɗan abin kirki sau huɗu a rana, a madadin hoɗar da ba a san asalinta ba.

Wa ya ɓoye wa wani? Ke kika fara. Da kin ce, "Umma, tiyata za a yi min, sukari zai hana," da ni da kaina zan tsaya a bakin kicin da muciya. Kin ɗauke ni tsohuwa mai surutu wadda ba a gaya wa magana. To ga abin da rashin gaya min ya haifa.

Kuma ki gaya wa mijinki, mai ladabin takarda, da ya san matarsa tana zubar da jini shekara guda bai ɗaga waya ya sanar da uwarta ba, yau ne ya iya lissafin gwangwani da ƙarar inji.

Abu ɗaya na yarda na yi ba daidai ba. Da takardarki ta farko ta zo, na gane, ya kamata in faɗa a take. Na ce a zubar. Hannuna ya rubuta, zuciyata tana hana ni. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Garin neman gira na taɓa ido, na sani. Amma uwa ba ta durƙusa wa 'yarta, kuma niyyata Allah ya gani. Ki sanar da ni yadda gwajin ya kasance.

Mahaifiyarki

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa.

Bakwai da ɗigo uku. An ba wata ranata. Ni sai bayan wata huɗu, in gwaji na gaba ya yi kyau. Wata huɗu, ki lissafa kwana goma sha biyu sau huɗu, ina tsaye gaban tanderu da tsumma biyu.

Nas ta rufe fayil ta ce, "Sai ki ƙara tsoron Allah a wurin aiki." Na ɗauki jakata na fito. Me zan ce? Uwata ce?

Kin tambayi me ya sa ban gaya miki ba. Ranar da na yi ɓari, shekara uku da suka wuce, kina zaune bakin gadon asibiti kika ce yawan tsayuwa ne da rashin jin magana. Shi ya sa.

Na ji maganar Baba, na yi kuka. Na yarda ba ki san da tiyata ba ranar Larabar. Amma ranar da kika rubuta min zato zunubi ne, kin sani. Kin san dattijon nan bai yi komai ba, kin san mijina yana min kallon mai lasar kirim, kika ce a sakar wa magudana ruwa. Ke kika koya mana laifi tudu ne. Ba tsakaninki da Ubangiji kaɗai ba ne, akwai mutane a ciki.

Ba na so ki durƙusa min. Na riga na je na ba mai shago haƙuri, ya ce ya yafe, amma matan benenmu uku sun daina sayayya a wurinsa saboda bakina. Takarda biyu nake so da rubutunki. Ɗaya gare shi, wadda zai iya nuna wa mutane. Ɗaya ga nas, a sa a fayil ɗina, don a daina rubuta ni maƙaryaciya. Kafin su zo, kada ki zo.

Garin kuwa ba zan koma masa ba, ko na gaske. Na sha wuyar rabuwa da shi, ba zan sake ta ba. Yau wata guda. Kan ya daina ciwo, jiya har na ji zaƙi a ɗanyen kabeji. Kwalbar na wanke, Mai Wuta yana zuba ƙusoshi a ciki.

Ki gaida yaya.

Auta

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki.

Ga takardu biyu a ciki, ban liƙe su ba, ki karanta. Ta mai shago sau huɗu na sake ta, saboda matar yayanki ta ce ukun farko wa'azi ne. Na sa cikakken sunana a ƙasa. In ya so ya manna a ƙofa.

Maganar asibiti ta shekara uku, ban tuna na faɗa ba. Amma muryata ce, na gane ta.

Gwangwanin sukarina na ba maƙwabciya. Ba zan ƙara sa shi a baki ba sai ranar da aka fito da ke daga ɗakin tiyata. Yau kwana shida. Shayin kamar ruwan wankin tukunya, kaina kamar ana daka, jiya na yi wa mai kawo gas tsawa a kan ba komai. Ban jefi bango ba tukuna. Wata takwas kika yi a tsakiyar kek, ban san yadda kika yi ba.

Kada ki ɗauka na yarda da cin ƙwan nan. Ban yarda ba.

A rana ta nawa ciwon kan yake daina? Ba sai kin rubuto ba. Wayar tana kusa da ni.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki